Inda Barira Ta Bar Fari

Shekara arba'in hannuna yana cikin karofi.
Har gobe in na yi alwala faratana shuɗi ne.
Don haka in ana zancen launi a Gundutse
ba na jiran a ba ni izinin magana.

Barira, 'yar ƙanena, ta dawo daga karatu
da farin yadi a naɗe kamar tabarma.
Ta share zauren da muke tara baba a da,
ta ɗaure yadin a katako, ya kai tsayin ƙofa,
ta zauna tana kallonsa kwana biyu cur,
ko ɗigo ba ta sa masa ba.

Na ce, fentin ne ya ƙare?
Ta ce, Baffa, sauraronsa nake yi.

Rana ta uku na leƙa bayan la'asar.
Ja ya kwanta a ƙasa, mai kauri,
irin na tumatirin da aka shanya a bakin titi.
Wani rawaya siriri ya ratso shi a karkace
ya tsaya bai kai gefe ba,
kamar baƙon da ya yi sallama ya ji ana faɗa a gida.
Sama kuwa fari fat.
Rabin yadi, ba wanda ya taɓa shi.

Na nemi saniya ban gani ba.
Na nemi rumbu, na nemi ko da ƙafar kaza.
Na ce, 'yar nan, hoton mene ne wannan?
Ta ce, rawanin da ka rina wa Sarkin Noma,
shi hoton mene ne?
Na buɗe baki, na mayar na rufe.

Tabawa mai ƙosai ta ce gobarar kasuwa ce.
Tanimu mai injin ban ruwa ya rantse
gonarsa ce, ga ma inda kwarin ya fashe.
Wani yaro ya matsa kusa, ya ja baya, ya sake matsawa,
ya tafi bai ce uffan ba.
Shi Barira ta bi da ido.

Ni abin da ya tsaya mini farin ne.
A sana'armu, ɗigon fari ɗaya a jikin zane,
mai kaya ya dawo maka da shi, ka yi asarar wuni.
Na ƙare ƙuruciyata ina korar fari,
ga 'ya ta shimfiɗa masa tabarma.

Da ta matso shuɗi daga ɗan kwalinta na ce, ajiye.
Wannan shuɗin bai taɓa numfashi ba.
Na haɗa baba da toka da katsi a tsohuwar randa,
muka jira mako guda har kumfa ta taso.
Na tsoma ƙyalle na ɗago. Ta ce, ai kore ne!
Na ce, yi haƙuri, ba ruwan ke rini shi kaɗai ba,
sai an ba shi iska.
Muna tsaye koren ya juya, ya yi duhu, ya nuna.

Ta daɗe ba ta yi magana ba.
Can ta nuna rabin yadin nan da haɓa:
To, Baffa, ga iskar.

Da asuba na koma ni kaɗai.
Haske ya shigo ta tagar zaure ya hau farin,
jan nan na ƙasa ya soma ɗumi.
Na tuna gefen gadon da Hansatu ta bari,
shekara shida ban ɗora ko hula a wurin ba.
Wannan ban faɗa wa kowa ba.

Ta same ni a zaune, ta miƙo mini buroshi.
Na ce, riƙe kayanki.
Na tsoma babban yatsa a randa,
na dangwala can sama, wajen kusurwar hagu,
wuri bai fi ƙwayar gurjiya ba.
Ya fito kore. Muka jira shi.

Ta ce, a ƙara?
Na ce, kul. Bar masa wurin shan iska.